Shirun Matua Rawiri

Wellington, Laraba 12 ga Yuni 2024, ƙarfe bakwai da kwata na safe

Zuwa ga Babana,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya. Yaya gwiwar, yaya sanyin Bluff? Ina fata injin jirgin ruwanka ya daina tarin nan nasa. Ina zaune a teburin kicin, shayi ya huce ban sha ba. Lafiyata ƙalau. Na faɗa tun farko don kada ka riƙa tsallake layi kana neman mugun labari.

Maganar Taitimu ce, manhajar da ke wayarka mai gaya maka lokacin cikar teku da janyewarta, da ko bakin kogi zai ƙetaru. Kakan ce mata "abin nan na Ngaire". Ba tawa ba ce. Matua Rawiri Paenga ne ya fara rubuta ta shekara goma sha huɗu da suka wuce, ya sake ta kyauta ga kowa. Mu tara ne 'yan sa kai masu ta cewa a kanta, ni ce ta ƙarshen shiga, kuma ba mai biyanmu. Makullin da ake hatimce kowane sabon gyara da shi kafin ya isa wayoyin mutane yana hannunsa shi kaɗai.

Ba ma kaɗa ƙuri'a. Dokarmu ita ce: idan wani ya kawo shawara a zauren saƙonninmu aka kwana uku ba wanda ya ce a'a, ta wuce. Mutum ɗaya na iya tsayar da ita, amma wanda ya tsayar shi zai kawo wata hanya, ya kuma ɗauki nauyinta.

Jiya da safe shugabana a wurin aiki, Declan, ya kawo shawara cewa kamfaninmu ya karɓi Taitimu, da sunanta da makullinta. Jadawalin ruwa zai zauna kyauta. Gargaɗin bakin kogi kuwa sai wanda ya biya. Shekaranjiya wan Matua Rawiri ya rasu, ya tafi tangi, wato zaman makoki, a garinsu, kuma ka san ba mai riƙe waya a marae, dandalin taron dangi, har a binne mamaci. Wa'adin zai cika Juma'a da safe. Ran Juma'a ake binnewa.

Huɗu daga cikin taranmu yanzu kamfanin ne ke ba su albashi, har da ni. Ba wanda ya ce komai. Sione, ɗan Tonga da ke gyara mana taswira, ya rubuto mini ni kaɗai: "Gwanar ƙa'ida, ina bakinki? Ni 'ya'ya uku gare ni, shiru ya fi mini araha." 

Ba na jin tsoro, Baba. Ba na jin komai. Na karanta dokar, na sake karantawa, kamar mai duba ranar lalacewa a jikin gwangwani.

Ka gai da Goggo Moana.

'Yarka,
Ngaire

Wellington, Juma'a 14 ga Yuni, da la'asar

Babana,

Ina gaisuwa, da fatan ka samu fita teku a makon nan. Wannan wasiƙar za ta iya riskar ta farko a hanya.

Na ce a'a. Jiya da rana, a ɗakin cin abinci na ofis, da wayata ba da kwamfutar kamfani ba, don na duba takardar ɗaukata aiki na ga hakan bai saɓa mata ba. Jimla biyu na rubuta: ban yarda ba, kuma bai kamata a yanke wannan magana mai makullin yana zaman makoki ba. Wata hanyar da doka ta nema, na ce a bar komai yadda yake har ya dawo. A zuciyata na ce ai nauyin da zan ɗauka na mako guda ne.

Na zaci za a yi hayaniya. Ba a yi ba. Yau da safe Declan ya zo da kwalin burodi mai cuku kamar kowace Juma'a, ya miƙo mini ɗaya, ya ce, "Haƙƙinki ne, Ngaire, ba wanda zai ce miki komai." Sai ya tsaya yana kallon kwalin, ya ƙara da cewa, "Da dai kin tambaye ni tukuna." Na ce tambayar me? Ya ce ba nasa ba ne ya faɗa.

Ba mugu ba ne, ina so ka san wannan. Ya taɓa gaya mini cewa jiragen haya biyu na kamfanin da Taitimu suke aiki, kuma ba ya iya barci idan ya tuna komai na rataye da dattijo ɗaya mai hawan jini. Gaskiya ce. Na san hawan jinin, na ga ƙwayoyin a motar Matua Rawiri.

Bayan cin rana aka mayar da ni sashen gwada na'urorin auna zurfi, a bene na ƙasa. An ce an daɗe da shirya hakan, mai yiwuwa kuma gaskiya ne. Lokacin gwajina a aikin zai ƙare a ƙarshen Yuli. Sione ya aiko mini hoton wani kare sanye da hular soja. Ina jin yabo ne.

Na ci burodin duka. Ban ji ɗanɗanonsa ba.

'Yarka,
Ngaire

Wellington, Lahadi 23 ga Yuni, da hantsi

Babana,

Gaisuwa da fatan alheri. Na samu katinka, na gode. Ka rubuta cewa ka gaya wa mutanen tashar jiragen 'yarka ta tsaya wa dattijo. Ina roƙonka ka daina faɗa.

Jiya na hau jirgin ƙasa zuwa Porirua na yi wa Matua Rawiri ta'aziyya. Na same shi a kicin yana fere kabewa, ya rame. Bai ɗago ba ya ce, "Mai a'a ta iso. Ɗauko wuƙa, 'yata, kabewar nan ta fi ƙarfin mutum ɗaya."

Muna cikin ferewa ya gaya mini. Ya san da shawarar. Tun watan jiya Declan ya zo masa da ita, lokacin wansa yana asibiti likitoci sun riga sun cire rai. Shi da kansa ya ce wa Declan, "Ranar da ka ji na tafi gida, ka saka ta."

Na ajiye wuƙar. Na ce me ya sa?

Ya ce, "Bakina ba zai iya cewa eh ba. Na gwada a gaban madubi, ya ƙi. Amma shiru, wannan zan iya." Ya ce ranar da aka kwantar da wansa, yana zaune a barandar asibiti yana amsa wa wani mai jirgin shaƙatawa a waya da ke zaginsa don jadawali ya yi kuskuren minti kaɗan. Da ya shiga ɗakin, wan nasa ya riga ya yi barci, kuma daga ranar bai ƙara gane mutane sosai ba.

Na ce da ya gaya mana ya gaji. Ya yi dariya. "Da na faɗa, da dukanku kun ce za ku taimaka. Ku taimaka wata biyu. Na san ku, ni na raine ku."

Sai ya wanke hannu, ya ciro makullin daga wuyansa. Ɗan ƙaramin abu ne baƙi, bai kai babban yatsana ba, ɗaure da igiyar takalmi. Ya ajiye shi a tebur kusa da ɓawon kabewa. Ya ce, "Kin ce a bar komai yadda yake. To, ni ba na cikin yadda yake. Kina iya janye a'arki, Declan ya karɓa, ba mai zarginki. Ko ki ɗauka. Dokar ce, ba ni ba. Ni na rubuta ta, wallahi ban taɓa zaton za ta faɗa kanki ba."

Ban yanke shawara ba, Baba. Na tuna ka a bakin kogi da asuba kana duba waya da hannu mai sanyi, sai na ga makullin a aljihun rigata. Ya zuba mini miyar kabewa a roba na taho da ita. A jirgi na yi ta kallon teku ta taga, ruwan ya janye, laka ce kawai da tsuntsaye.

Da na iso gida na tarar da gyaran jadawalin kudu yana jiran hatimi tun kafin rasuwar. Na duba shi, na sake dubawa, na hatimce. Na nemi Sione ya duba bayana, bai amsa ba, ƙaramarsu ba ta da lafiya.

Ka saba cewa in ba ka labari da abin da na tabbatar kawai. Ga waɗanda ban tabbatar ba:

Ko ina da aiki bayan Yuli.

Ko kamfanin zai kwashi manhajar ya yi tasa da wani suna, lasisinmu bai hana ba, da ko sauran ukun za su bi shi.

Ko na taimaki Matua Rawiri, ko na hana shi fita ta ƙofar da ya zaɓa.

Wa zan miƙa wa igiyar nan ranar da na gaji, da yadda zan gane ranar ta zo.

Ko ka fita da jirgi yau da safe, a kan lissafin da ba wanda ya duba sai ni.

Idan ka dawo tudu ka kira ni, ko da ba ka da abin faɗa.

'Yarka,
Ngaire