Baban Godiya ya dawo da riga tas

Laraba da dare, Kudenda

Yau maigida ya dawo daga aiki rigarsa tas, ba baƙin kwal ko kaɗan. Yesu, gabana ya faɗi! Dama ana ta cewa kamfaninsu zai daina ƙona kwal ya koma harkar sola. Ga Godiya a bayana, ko yaye ta ban yi ba.

Na ce, "Baban Godiya, sun kore ka ne?"

Ya kwashe da dariya. "Ke dai da tsoro! Ɗaura sola a rufin gidaje suke koya mini."

To, rufin ma tsoro yake ba ni. Amma aiki yana nan. Mutumin da ya iya tsayawa bakin wuta, hawa tsani ba zai gagare shi ba.