Jajayen Ƙwan Ista

Mama,

Ina gaishe ki da kyau daga birnin Atina. Ya ciwon gwiwarki? Ya Baba da awaki? Ni lafiya lau nake. Uwar ɗakina tana ba ni abinci, hannuna ne kawai ya ɗan tsage da wanki.

Na ga wasiƙarki. Kin ce bana ƙanwata Stamatiya ce ta rina ƙwan bikin Ista, har maƙwabta suka shigo kallo. Layi uku kika yi a kanta, Mama. Ai ni na koya mata rini da ɓawon albasa. Uwar ɗakina ta tarar ina kuka a kicin, ta ce, "Ke 'yar ƙauye, albasar ma ba ki fara yankawa ba!"

Ranar Lahadi a coci Fada ya yi mana bayanin kalmar "arki", wato "ya isa". Ya ce da Manzo Bulus ya roƙi sauƙi, Ubangiji ya amsa masa cewa alherinsa ya ishe shi. Ina ta maimaita kalmar ina goge daɓen ɗaki, amma ƙwan nan sun ƙi fita raina.

Mama, nata sun fi nawa ja? Idan sun fi, kada ki faɗa mini. Ki rubuto kawai cewa awaki suna lafiya.

Allah ya tsare ku.
'Yarki, Kalliyopi