Ba Zan Fita Daga Zauren Mai Toka Ba

Anti Lupe, don Allah ki taimake ni da shawara kafin Lahadi mai zuwa, don wa'adin da aka ba ni ke nan. Amma tun yanzu in gaya miki, idan cewa za ki yi in sunkuyar da kai in bi na gaba, ki adana tawadarki. Wannan na ji shi har kunnena ya gaji.

Shekarata talatin da shida, ina da miji da yara biyu, ina aiki a gidan kula da tsofaffi a yammacin Sydney. Mu mutanen tsibiran Tonga ne, ina 'yar shekara tara aka kawo mu nan. Ba na shan giya, ba na caca, ba na tsayawa gulma a bakin coci. Abu ɗaya nake da shi nawa na kaina, shi ne shirin talabijin na Masu Gadin Gaɓa da ake sakin sabon kashi duk Alhamis, a jirgin ƙasa nake kallonsa in na taso aiki. Ko ba kya kallo zan taƙaita miki. Akwai jarumi Shirwa mai tashi sama, akwai mugu Mai Toka da fuskarsa take a rufe. Shekara uku yana ƙone gine-ginen birni ɗaya bayan ɗaya, ba wanda ya san ko wane ne, balle abin da yake nema.

Muna da zaure a intanet inda muke tafka muhawara a kansa, mu kusan ɗari uku, yawanci 'yan tsibirai. Dokarmu ba suna, ba hoto, saboda rabinmu cocinmu ɗaya, kuma ba wanda yake so fasto ya san abin da yake rubutawa. Ni sunana a can Barkono.

Wasu sun ce Mai Toka magajin gari ne. Wasu sun ce Shirwa ne da kansa ya dawo daga zamani mai zuwa, waɗannan kam Allah ya ba su lafiya. Ni tun shekarar farko na ce yayar Shirwa ce, nas ɗin nan da ba a nuna ta sai minti biyu tana wanke kofi. Kuma ina da hujja. Mai Toka bai taɓa cinna wuta ba sai ya fitar da kowa. Duk ginin da ya ƙone, in ka bi diddigi, wurin da iyalinsu suka taɓa zama ne ko aiki. Bai taɓa dukan Shirwa a fuska ba, kuma da Shirwa ya shigo ɗaki shi sai ya fita. Da hagu yake kunna ashana, ita ma da hagu take zuba shayi. Da suka ce wannan ba komai ba ne, har labarin marigayi babanmu na ba su, wanda injin jirgin ruwa ya ƙone masa dama ya koma yin komai da hagu, na ce hannu ba ya ɓuya ko an sa safa. Yayar nan ba mulki take so ba, ba dukiya ba. Ƙanenta yana ceton gari guda amma bai taɓa zama ya tambaye ta yaya take ba, wuta ce kaɗai take kawo shi inda take.

To akwai wani cikin shugabannin zauren, Tsohon Inji. Shi ya kafe a kan cewa tsohon malamin Shirwa ne, wai hassada ke cinsa. Anti, shekara biyu da rabi muna gwabzawa da mutumin nan. Ya ce in je in wanke idona da ruwan teku. Na ce ƙwaƙwalwarsa ce take neman canjin mai. Ya ce 'yar'uwa ba ta ɗaga wa ɗan'uwanta hannu, na ce kai ka taɓa tambayar taka 'yar'uwar abin da ke ranta? Kwana biyu bai ce uffan ba, na yi ta rawa a kicin. Akwai kuma maganganun da muka yi a kan matsattsen wandon Shirwa da ba zan maimaita su a jarida ba.

Kuma ba mutumin kirki na ɗauke shi ba. Bara a watan Agusta aka yi min tiyata, likita ya ce mako uku ba aiki ba waya. Da na dawo na tarar mutane suna ta cigiya, ina Barkono, ko lafiya. Shi ko cigiya bai yi ba. Tun ranar farko ma ya yi amfani da muƙaminsa ya kulle shafin ra'ayina, wai na mako uku, kada kowa ya taɓa. Na ce ka ji matsoraci, ya ga ba na nan ya toshe min baki. Tun daga nan ya daina yi min ashar, na san hujjojina ne suka fara shigarsa.

Lahadi biyu da suka wuce aka yi walima bayan an tashi daga coci. Fololina, matar yayana Kelepi, ta miƙo min wayarsa in ɗauke su hoto, tata ba caji. Ina ɗagawa sai ga sanarwa a saman gilashin: Barkono ta amsa wa Tsohon Inji. Ga maganata ƙiri-ƙiri, wadda na tura da safe a wurin ajiye motoci, cewa kansa kamar doyar da aka manta a rami. Anti, ashe Yaya Kelepi ne Tsohon Inji. Na ɗauki hoton a karkace, na miƙa mata wayar, na tafi bayan coci na tsaya ina kallon bango.

Ke kin san yadda muke, ba sai na yi miki dogon bayani ba. Ɗan'uwa da 'yar'uwa ba sa zama ɗaki ɗaya su kalli talabijin, ba wasa, ba zolaya, ba a ko yin maganar banza a gabansu. Ina cika shekara goma aka mayar da Yaya Kelepi ɗakin gareji. In na shigo falo yana tashi. Shekara ashirin da shida, in aka tara duk maganar da muka yi baki da baki ba za ta cika shafi ɗaya ba, ita ma gaisuwa ce. Lokacin tiyatar nan ko leƙowa ɗakin bai yi ba. Doya da ganyen gwaza da nama a madarar kwakwa ya kawo, ya miƙa wa mijina a bakin ƙofa ya juya. Na ci ina kuka don haushi.

Kuskurena shi ne na gaya wa Gwaggo Kalolaine, yayar babanmu, ina mayar da ita gida ran nan. Na ɗauka dariya za ta yi. Sai ta ce in tsaya da motar. Ta ce na tuɓe wa gidanmu zane a kasuwa, ta ce da babana yana raye da bai iya ɗaga kai a coci ba. Ta ce in goge sunana daga zauren kafin Lahadi mai zuwa, in ba haka ba za ta tara dangi ta faɗa a gaban kawunnaina da shi Kelepi kansa. Kin san a wurinmu maganar gwaggo ba ta faɗuwa ƙasa. Kuma Alhamis ɗin da ke bin Lahadin nan ne kashin ƙarshe, ranar da za a cire wa Mai Toka abin rufe fuska. Kwana huɗu kacal!

Ba zan fita ba, Anti. Na faɗa, na sake faɗa. Ba don in ci gardama ba, ko da yake zan ci. Sai da na zama Barkono na san yayana yana da ban dariya. A can na san yana tsoron hawa jirgin sama, na san ya yi kuka ranar da karen Shirwa ya mutu, na san in ya rasa amsa sai ya ce “to shi ke nan, Farfesa.” Mutumin da muka fito ciki ɗaya, sai a bayan sunan ƙarya na sadu da shi, yanzu a ce in rufe ƙofar in koma gaisuwa? A kan me? Wa na cuta? Ban sani ba lokacin da nake zaginsa, shi ma har yau bai sani ba. Na tabbata, don na san Kelepi, da ya sani da tun ranar ya gudu daga zauren kunya ta kashe shi. Abin da nake tsoro ke nan. In na fita na rasa shi, in Gwaggo ta tona na rasa shi. Ki gaya min yadda zan yi, amma ban da haƙuri.

Taki, Barkono, daga yammacin Sydney.

*

Barkono 'yata, na ji, na ajiye haƙurin a gefe. Saura ki saurara.

Da farko gwaggonki ba mahaukaciya ba ce. Al'adar nan ba don a raba ki da yayanki aka yi ta ba, don a ɗaga ki aka yi ta. Tashin da yake yi in kin shigo girma ne yake ba ki, doyar bakin ƙofa ita ce gaisuwar da aka koya masa. Maganar wandon kuwa, ko ni da nake nesa sai da na rufe fuska. Ki shiga yau ki goge irin waɗannan duka. Wannan ba faɗuwa ba ce, gyaran ɗaki ne.

Amma ke ma kina da gaskiya, kuma ba zan ce ki fita ba. Girman da zai sa mace ta kai shekara talatin da shida ba ta san ɗan'uwanta yana da ban dariya ba ya yi tsada. Ba ki aikata komai da gangan ba, kuma abin da kika samu a zauren nan ba abin jefarwa ba ne.

Inda na saɓa da ke wuri ɗaya ne. Kin iya bin diddigin mugun cikin shirin talabijin, amma kin bar hujja zube a cikin wasiƙarki ba ki duba ba. Kin ba mutum ɗari uku labarin uban da injin jirgi ya ƙone wa dama. Mutanen Tonga nawa ne a Sydney suke da wannan uban? Bayan haka aka yi miki tiyata, kowa yana cigiya, mutum ɗaya bai yi ba. Wanda ya san gadon da kike kwance ba ya cigiya. Kuma tun ranar farko ya kulle shafinki na mako uku, daidai abin da likita ya ce. Wa ya gaya wa Tsohon Inji mako uku? Ba bakinki ya toshe ba, gadin wurinki ya yi kada a tattake shi ba kya nan. Ashar ɗin da ya daina kuwa, ki yafe ni, ba hujjojinki ba ne suka hana shi.

Zan iya yin kuskure, amma ba na jin na yi. Yayanki ya sani fiye da shekara guda, kuma bai gudu ba. Ya tsabtace bakinsa, ya ci gaba da zuwa duk Alhamis don ki kira shi doya.

Ga abin da za ki yi. Kada ki jira Lahadi. Ki dafa abin da Gwaggo Kalolaine take so, ki je gidanta ki zauna a ƙasa, ki fara da ba ta haƙuri a kan maganganun da kika goge. Sannan ki nuna mata ranar da aka kulle shafin nan da ranar da aka kwantar da ke. Ki ce mata ɗan ƙanenta ya samo hanyar da zai kula da 'yar'uwarsa ba tare da ya taka ɗakinta ba, in ta tara dangi shi za ta kunyata a kan abin kirki. Ki yi mata alkawari ba za ta sake jin maganar da ba ta dace ba. Tana iya yin fushi na mako guda, ki bar ta ta yi. Ba na jin za ta kira taron.

Shi kuma kada ki tare shi a coci, kada ki kira sunansa a zaure. Ya rufa miki asiri, ke ma ki rufa masa. Ki tura wa Tsohon Inji saƙo na ku biyu, layi ɗaya: an gode da doyar watan Agusta. Sai ki ajiye wayar, ki ba shi kwana biyun da ya saba.

Ranar Alhamis ko yayar ce ko malamin, ki yi murnarki ko ki sha kayenki da mutunci. Kin ce nas ɗin nan sai ta cinna wuta ƙanenta yake zuwa inda take. Ke ba ki ƙone komai ba, naki ya zo tuntuni, yana zaune yana jiran ki gane shi.

Allah ya sanyaya zuciyar Gwaggo, ya bar ku tare ke da Tsohon Injinki.

Anti Lupe