Barde da Kaskon Malam

Asabar, 5 ga Afrilu, 2025

Yau ma karen nan ya sa baki a bokitin ruwan alwalata. Na zubar, na dirje bokitin har hannuna ya yi zafi. Maigidana Malam Sahabi na zaune a gindin darbejiya yana mini dariya. Ni ban ga abin dariya ba.

Tunda aka kawo ni gidan nan na Bungudu ban taɓa zama da kare ba sai bana. Na Buba ne, aminin Malam tun suna samari, wanda shanunsa ke kwana a gonarmu don taki. Da ya yi asarar mafi yawansu, ya sayar da sauran shanun ya koma Gusau gidan haya, mai gidan ya ce ban da kare. Ya jawo shi nan da igiya, ya ce amana ce, in ya samu wuri zai dawo ya ɗauka. Barde sunansa.

Gaskiya ɗaya dai, tun zuwansa ba a sake tsallako katanga an taɓa ragunan da nake kiwo don Babbar Sallah ba. Iyakar amfaninsa ke nan. Ban ce ina son sa ba.

Laraba, 9 ga Afrilu

Zafi ya sauka, Malam ya fara abin da ya saba duk bazara. Albasa a bakin taga, albasa a ƙarƙashin gado, da zan yarda har cikin koko. Wai ita ke korar sanƙarau. Shi ya noma abarsa a fadama, bana kuma ta yi yawa har tana ruɓewa a rumfa.

Yanzu abin ya kai kan kare. Barde ya shinshina ɗanya ya kau da kai, sai Malam ya karɓo kitse wurin mahauci, ya soya ta cike da kasko, ya cakuɗa da tuwon jiya. Mutumin da bai taɓa dafa mini ko ruwan zafi ba! Karen ya lashe kwanon tas. Wai kullum haka za a riƙa yi.

Litinin, 14 ga Afrilu

Ɗan garuwa ya shigo, Barde bai yi haushi ba. Kai kawai ya ɗaga ya mayar.

Laraba, 16 ga Afrilu

Barde na kwance bayan turke yana haki kamar wanda ya yi gudu, alhali ko ƙofa bai kai ba. Fitsarinsa ja-ja ne, kamar zoɓon da aka surka. Da safe Malam ya ce zafi ne, a ƙara albasa. Da la'asar magana ta canza, wai Lawwali maƙwabcinmu ne ya jefo masa wani abu ta katanga, tunda ya taɓa ƙorafin haushi. Lawwali fa, mai a-kori-kurar da ke kai mana kaya kasuwa! An ce da suka haɗu a masallaci Malam bai ba shi hannu ba. Kunya kamar in nutse.

Alhamis, 17 ga Afrilu

Malam ya tafi Tsafe da buhunan albasa, a motar wani, don kada ya shiga ta Lawwali. Zai yi kamar mako wurin ƙanensa. Ya bar mini kasko da wasiyya. Ni Zulai in tsaya soya wa kare abinci? Gayan tuwo na jefa masa, da ɗan nonon da ya rage.

Alhamis, 24 ga Afrilu

Barde ya tashi. Yau har ya bi ɗan garuwa zuwa zaure, bawan Allah ya kusa zubar da ruwan.

Ina tankaɗe nake ta juya abin. Zafin nan yana nan, ya ma ƙaru. Lawwali yana nan bayan katanga. Abu ɗaya ne ya bar gidan nan, kaskon Malam. Da ya shiga, kare ya kwanta. Da ya fita, kare ya tashi. To mene ne saura?

Asabar, 26 ga Afrilu

Jiya Malam ya dawo. Yana ganin karen a tsaye ya ce, "Kin gani ko? Albasa ta yi aikinta." Na ce tunda ka tafi ko ɓawonta bai gani ba, ina jin ma ita ce ciwon. Dariya ya yi har da tari. "Ke Zulai, mi kika sani ga kare? Abin da munka ci tun kakanni shi za ya kashe dabba?" Wai tunda na yi sakaci sai an rama, ya soya ninki biyu.

Yau na ɓoye kaskon a rumbu. Da tukunyar miyata ya soya.

Talata, 29 ga Afrilu

Barde ya sake faɗuwa, wannan karon ya fi muni. Na sa tsinke na ɗaga leɓensa, dasashin fari fat. Buba ya bugo waya, ina ji Malam ya ce masa lafiya lau. Wannan ce ta tsaya mini a rai. Mutum ya rasa shanunsa duka, abu ɗaya ya rage masa daga daji, ya ba mu ajiya, sai mu kashe masa da soyayya.

Laraba, 30 ga Afrilu

Alhamdu lillahi! Bari in rubuta tun hannuna bai huce ba.

Malam na fita fadama na yafa mayafi na buga wa Lawwali ƙofa. Ban nemi izini ba, Allah ya yafe mini. Lawwali ya ce, "Inna, ni da anka ce na ba shi guba?" Na ce, "Ni ban hwaɗi ba. Tada mota." Barde ko tsayuwa bai iya, a kan buhu muka ɗauke shi, Lawwali a gaba ni a baya. Kayan da ke cikin motar kuwa, albasar wani ce za a kai Gusau! Haka muka kwantar da majinyaci a gefen abin da ke kashe shi. Bayan motar na hau, don in ban riƙe ba gargada za ta wurgo shi. Kansa na ta buguwa da ƙarfe, sai na sa ƙafata ya ɗora. Don kada ya mutu a hanya ne kawai.

Asibitin dabbobi, likitar mace ce, Hadiza. Ta duba dasashi, ta ɗebi jini, ta ce me yake ci. Da na ce albasa cike da kasko kullum, sai ta cire tabarau ta dube ni. Ta ce albasa na farfasa ƙwayoyin jinin kare, shi ya sa fitsarin ya yi ja, dasashin ya yi fari. Ɗanya, soyayya, busasshiya, duk ɗaya, tafarnuwa ma haka. Ba ta kayar da shi ran da ya ci sai bayan kwanaki, shi ya sa mutane ke ɗora wa wani abu daban. Ta ce, "Mama, wa ya gano?" Na ce ni. Sai da na gyara zama kafin in faɗa.

Aka sa masa ruwa. Lawwali, ɗan banza, ya kira Malam ya miƙa wa likita wayar, wai ta maimaita. Ta maimaita tiryan-tiryan. Can muka ji Malam ya ce, "To, ai ba a sani ba."

An sani, Malam. Ni na sani, tun ina tankaɗe.

Juma'a, 2 ga Mayu

Malam ya je ba Lawwali haƙuri. Abin da ya kai masa na ban-haƙuri: kwandon albasa. Na yi dariya har na zauna a ƙasa.

Lahadi, 11 ga Mayu

Dasashin Barde ya fara ja. Jiya ya kori akuyar maƙwabta daga wurin dusar raguna, da gudunsa.

Ba wanda ban ba labari ba. A gidan suna ma sai da na bayar, yanzu mata na ce mini likitar karnuka. Su faɗa, na karɓa. Matar Lawwali ta aiko wai ko su ma su daina ci, na ce a'a, ta mutane daban, su ci abarsu.

Likita ta ce a riƙa ba shi hanta. Na ware masa ƙaramar tukunya, ba albasa ba tafarnuwa, ban yarda kowa ya taɓa ta ba. Malam in zai wuce da kwandonsa sai ya kewaya ta bayan rumbu. Ta bakin tagarsa dai tana nan, wannan shi ta shafa.

Lahadi, 15 ga Yuni

Buba ya zo da igiya a aljihu. Ya samu gida da fili a bayan gari, wajen hanyar Mada. Barde ya yi ta tsalle a jikinsa, sannan ya dawo ya kwanta kusa da turmina, inda ya saba.

Na fara yi wa Buba bayani. Kada a zuba masa sauran miya, kowace miya da albasa. Kada a ba shi sauran tsire. Romo ma a'a. Ruwansa a inuwa. In ya ga yana haki ya ɗaga leɓen ya duba, ga yadda ake ɗagawa, na nuna masa. Sai da na ga yana kallon hannuna na lura ba tsinke.

Ya mayar da igiyar aljihu. Ya ce, "Zulai, ko in bar shi nan har bayan damina?"

Na ce to, ba don komai ba, saboda raguna.

Malam ya yi wani tari ya shige ɗaki. Sai da Buba ya yi nisa na waiwaya turke. Tun kafin Sallah na sayar da ragunan.