Alkawarin Karatun Auta

Saura mako uku biki

Zuwa ga Mama,

Gaisuwa mai yawa, da fatan takardar nan ta same ki lafiya. Yaya ƙafar? Ina fata kina shafa maganin, ba ajiye shi kika yi a kan kabad kina gaishe shi ba. Mu nan lafiya lau, sai gajiya.

Mama, gidan nan ya koma kasuwa. Bikin unguwa na shekara ya matso, kwamiti ya ɗora wa Babansu rumfuna goma sha biyu da allunan sanarwa. Tun safe zarto ke kuka a tsakar gida, garin katako har cikin shayi. Ni kuma an jibgo mini ɗinkin tutoci ɗari biyu, na ce to, kin dai san bakina bai iya a'a ba. Keken ɗinki ya dawo ƙarshen teburin cin abinci, wato ajin da nake koyar da yaran a gida, ƙafa na taka keke baki na ba da lissafi.

Jikokinki kowa da irin haukarsa. Babbar, Likita, ta shiga gasar tumatir. Bokiti tara ta jera a baranda, kullum sai ta ɗauke mini tef ta auna su ta rubuta, na ce shi ke nan, lissafin wannan wata ya samu. Injiniya zomonsa zai kai gasa, har ya kwance mini ƙaramar fanka wai zai sanyaya masa keji. Yanzu zomo na shan iska, uwar gida na gumi.

Na san ba wannan kike jira ba. Wadda ta shekara talatin tana shugabar makaranta ba a rufe ta da labarin zomo. Ban manta alkawarinmu ba: in kin zo biki Auta ba ta karanta miki shafi guda ba, ki tafi da ita ki sa ta makaranta a wurinki. Cikin fushi na amsa, ranar da kika ce teburin cin abinci ba aji ba ne, amma dai na amsa. To, har yanzu shiru. Shekararta bakwai, in na zaunar da ita gefena na buɗe littafi, sai ta ƙura masa ido can ta ce fitsari take ji. Amma mako uku ba kwana uku ba ne.

Babansu na gaishe ki, yara ma haka.

'Yarki,
Malamar Tebur, kamar yadda kika raɗa mini

*

Saura kwana tara

Mama,

Ina gaisuwa. Yaya jiki, yaya maƙwabta? Amsarki ta iso, na ji daɗi da ƙafar ta yi sauƙi. Na kuma ga inda kika ce kin sa an gyara ƙaramin gadon nan, har kin sayi jakar makaranta. Kai Mama! Ko alƙali yakan jira a gama shari'a.

Aiki na tafiya. Tutoci sun kai ɗari da arba'in, rumfuna takwas sun tsaya. Shekaranjiya aka yi yaƙin duniya: zomo ya tsere ya cinye ganyen bokiti biyu. Likita ta ce sai ta dafa shi, Injiniya ya ce sai dai a dafa su tare. Na yanke hukunci kowa ya rubuta ƙararsa shafi biyu, na gyara musu kurakurai, darasin rubutu ya fita ba da shiri ba.

Auta kuwa babu abin da ban gwada ba. Na yanka haruffa da kwali, na rera su da waƙa, na yi toshiya da alewa. Alewar ta shige, haruffan suka tsaya a waje. Da na sake ta, sai ta koma wurinta na kullum, 'yar kujerar da ke fuskantata a ɗaya gefen tebur, ta ɗora haɓa a kan hannu tana kallon ina koya wa yayyenta. Tun tana shekara huɗu nan take zama, ba hayaniya ba rigima.

Ba zan ɓoye miki ba, jiya na yi kuka a kan keke har na ɗinke tuta biyu a haɗe. Ba don kin yi laifi ba, na san don ita kike yi. Tsoro nake ji ko gaskiyarki ce, ko taurin kaina ne ya cuci yarinya. Kuma in ta tafi, ban san yadda zan riƙa ɗaga kai in ga kujerar nan ba kowa ba.

Ki sa mu a addu'a.

'Yarki mai ƙaunarki

*

Saura kwana uku

Mamana,

Gaisuwa a gurguje, da fatan kina lafiya. Ki nemi wuri ki zauna kafin ki ci gaba.

Jiya da hantsi Injiniya ya gama rubuta allunan da fenti, Babansu ya jingina su a bango su bushe. Garin sauri ya jingina ɗaya a juye, ƙasa a sama. Ina baranda ina ƙirga tutoci sai ga Auta ta zo wucewa da kofin ruwa. Ta tsaya gaban allon, ta ce, "Baba, su wane ne masu manyan baki? Me ya sa za a ware musu wurin zama?"

Babansu ya ce wane irin manyan baki kuma? Ya karkata kai ya duba. Ashe Injiniya ya manta lanƙwasar ƙ, maimakon wurin zaman manyan baƙi ya rubuta WURIN ZAMAN MANYAN BAKI. Allon da za a kafa a kan kujerar shugaban kwamiti ke nan, mutumin da in ya karɓi lasifika sai rana ta faɗi. Babansu ya yi dariya har ya zauna a kan gwangwanin fenti.

Ni ban yi dariya ba. Na ruga na ɗauko littafin Likita na miƙa mata, ta ƙura masa ido kamar kullum. Sai na juya shi ƙasa a sama. Mama, yarinyar nan ta karanta shafi uku ba ta tsaya ba, har da sauya murya a wurin tambaya.

Shekara uku tana zaune tsallaken tebur tana bin yatsana a kan littafin yayyenta, ta koyi karatu daga inda take gani. Ni kuma ina sunkuye a kan manyan, ban taɓa ɗaga kai na lura ba. Duk ranar da na jawo ta gefena, ni ce nake juya mata duniya. Na tambaye ta me ya hana ta faɗa mini. Ta ce ai ta ɗauka nata ba karatu ba ne, tunda ba irin na kowa ba ne. Ta ƙara da cewa ita ta fi son can, don a gefena ba ta ganin fuskata. Nan fa na rungume ta na yi ta kuka, Likita na yi mini fifita da tuta.

Kuskuren nawa ne, na ɗauka, kuma na san me za ki ce. Mun fara gyara, zan riƙa karkata mata littafin kaɗan-kaɗan kowace safiya, in kin zo ki nuna mini dabarar da ta fi. Sai dai ina tuna wa shugabar makaranta cewa alkawarinmu shafi guda ne, ba mu ce ta wace fuska ba. Ki zo ki zauna ki riƙe littafin daidai a gabanki, ita ta tsaya tsallake ta karanta miki.

Babansu zai tare ki a tasha ranar jajibiri. Kowa na gaishe ki, har zomo.

'Yarki,
Malamar Tebur

Af, ashe rubutu ma tana yi, shi ma a juye. Ta nace sai ta sa miki nata saƙon da hannunta, ga shi nan a ƙasa, sai kin juya takardar. Na rantse ba ni na faɗa mata ba, amma don kada ki wahalar da idonki, ga abin da ta ce:

Kaka ki zo biki ina sonki amma ki koma ke kaɗai.