Ina Dasa Ciyawa, Baba Yana Nomewa

Malam, don Allah ka taimaka mini, kaina ya ɗaure.

Ni direba ne a wurin aikin dam na Bakolori. A gidajen Turawan da nake ɗauka na ga wata hanya ta duwatsu masu faɗi, ciyawa koriya shar a tsakaninsu. Bara, da ruwan dam ya cinye gonarmu ta wajen Maradun, na ɗauko mahaifina ya dawo wurina a Talata Mafara. Ga tsufa, ga ciwon gwiwa, kuma da damina tsakar gidana caɓi ne. Ya taɓa zamewa da buta a hannu. Shi ya sa na kwaso duwatsu, na baje rairayi, na jera su daga ɗakinsa har zaure, na dasa ciyawar kiri-kiri a tsakani don saiwarta ta riƙe ƙasa.

To, da na fita aiki sai Baba ya ɗauki hauyarsa ya nome ta tas. Da farko awakin maƙwabcina na zarga, har na yi wa bawan Allah magana. Na sake dasawa, Baba ya sake nomewa. Yanzu ruwa ya kwashe ƙasar, duwatsun suna girgiɗi, sun fi caɓin hatsari. Na yi masa bayani, ya ce shi bai taɓa ganin ciyawa a tsakar gida ba sai a kango, kuma maciji nake yi wa shimfiɗa. Muka yi musu. Jiya ya ɗaure kayansa, wai zai koma Bakura wurin ƙanwata Taibatu. Don shi fa na yi! Hanyar ce ba ya so, ko zama da ni? Wallahi na kasa ganewa.

Mai neman mafita, Talata Mafara.

Ɗan'uwa, dabararka ba ta da laifi, saiwa tana riƙe ƙasa. Sai dai Turawan suna da mai aske musu ciyawa, kai kuwa kana kan mota. Baba ma bai yi kuskure ba. A wurinmu share tsakar gida shi ne shaidar akwai mutane a ciki, kuma batun maciji ba wasa ba ne.

Amma sake duba abin da ka rubuta. Gonarsa tana ƙarƙashin ruwa, duk da haka ya taho da hauyarsa. Ciyawar nan taka ita ce kaɗai noman da ya rage masa. Ba na jin kai yake gudu, zaman banza ne ya ishe shi.

Ka ba shi haƙuri yau, kafin ya nemi mota. Ka haƙura da kiri-kiri. Ka sake zaunar da duwatsun, ka cike tsakaninsu da tsakuwa da jar ƙasa, ka daɓe sosai. Sannan ka ware masa fili a gefen hanyar, ka tambaye shi me ya kamata a shuka. Tambaya na ce, kada ka koya masa. Ko kuɓewa ya zaɓa ko barkono, ina kyautata zaton in ya sa iri a ƙasa ba zai tafi Bakura ya bar maka shi ba.

Allah ya ƙara wa Baba lafiya, ya yi maka albarka.