Inna Ta Yi Wa Rahmat Dariya

Madinat Khalifa, Doha
9 ga Maris, 2007

Zuwa ga Yaya Atine,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da maigida da yara. Allah Ya ƙara lafiya da rufin asiri. Mu nan alhamdu lillahi, ƙafar Inna ta fara ɗaukarta, bakin ne dai har yanzu bai buɗe ba.

Yaya, abin da zan faɗa miki ni kaina kunyarsa nake ji. Wata biyar ke nan da muka kawo Inna bayan shanyewar jikin nan. Ni ce wanka, ni ce juyi, ni ce damun kunu, amma ko murmushi ban samu ba. Ran Juma'a sai ga Rahmat, matar ƙaninmu Umar, da faifan wani tsohon fim ɗin Turawa mara kala, wanda ba a magana a cikinsa. Wani siririn mai fenti ne ɗauke da tsani, duk juyin da ya yi sai ya kwaɗe wani ƙato, ƙarshe bokiti ya kife a kan ƙaton. Rahmat ta zauna tana saka musu magana a baki. Wai ƙaton Ɗayyabu mai nama ne, siririn kuma Mudasiru tela, maƙwabtan Inna na gida, wai rigar Sallah ta haɗa su. Inna ta yi dariya har da hawaye, ta riƙe hannun Rahmat gam. Ina tsaye da kwano a hannu, wallahi kishi ya turnuƙe ni.

Da Rahmat za ta tafi na ɓoye faifan, na ce ban gan shi ba. Washegari na kunna mana mu biyu. Tsani ya kwaɗe ƙato, Inna ta juyo tana kallon bakina tana jira. Na rasa sunan da zan kira. Rahmat ta yi shekara takwas da ita a Tudun Wada, ni kuwa rabona da unguwar shekara goma sha huɗu.

Yanzu Umar ya ce tunda da Rahmat Inna take sakewa, ƙarshen wata zai ɗauke ta zuwa gidansa a Al Gharrafa. Ba ni da bakin musu, amma ba na so a raba ni da ita.

Don Allah ki rubuto mini sunayen maƙwabtan Inna, da halin kowa: mafaɗaci, marowaci, wanda ba ya ga maciji da wani. Ki hanzarta, kuma kada Rahmat ta ji.

Ki gaida Kawu Siddiq da Safiyyatu da sauran mutanen unguwa. Da na san sunayensu, da na jero su.

Ƙanwarki,
Zahra